Gajiyar Iri da Ƙarancin Amfanin Dankalin Turawa a Tsaunin Jos

Tsakure

Tsaunin Jos ne ke ciyar da Nijeriya dankalin turawa, amma abin da hekta ɗaya ke bayarwa a ƙasar nan yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Wannan takarda ta bi sawun dalilan hakan a gonar ƙaramin manomi, ta kuma tsaya a kan cewa babbar ɓarakar tana cikin irin da ake binnewa, domin yawancinsa ragowar abin da kasuwa ta ƙi ne, ɗauke da cututtukan da suka daɗe suna taruwa. An nuna da lissafi cewa ɗakunan gwaji kaɗai ba za su wadata kowa da tsabtataccen iri nan kusa ba. Daga nan aka duba abin da manomi zai iya yi da hannunsa: zaɓen iri tun yana gona, keɓe fegin iri, da ajiya a rumbun haske. An kuma taɓo cutar ƙunar ganye, cutar yaushi, taki da kasuwa, gwargwadon alaƙarsu da maganar iri.

1.0 Gabatarwa

Ƙiyasin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa Nijeriya na shuka dankalin turawa a fili fiye da hekta 300,000, tana kuma girbe abin da ya haura tan miliyan 1 da kaɗan a shekara. Idan aka raba, hekta ɗaya ba ta kai tan 5 ba. Matsakaicin abin da ake samu a duniya ya kai kimanin tan 20. Masar tana haura tan 25, Afirka ta Kudu tana haura 30, Holan da Amurka kuwa suna sama da 40.

Gaskiya ne wannan ƙiyasi ya haɗa gonakin da aka surka dankali da masara, inda tushen dankalin bai cika gonar ba, kuma akwai manoman Bokkos da Mangu da ke ninka wannan adadi sau uku ko huɗu. Duk da haka a sauko da lissafin zuwa kan kunya ɗaya a gani. Manomin da ya bar mita 1 tsakanin kunyoyi, ya bar santimita 30 tsakanin rami da rami, zai sami tushe kusan 33,000 a hekta. In ya girbe tan 4, kowane tushe ya ba shi giram 120 ke nan, wato dankali biyu matsakaita. Shi kuwa ya binne guda ɗaya mai nauyin giram 50 ko 60. Ya yi huɗa, ya zuba taki, ya yi feshi, ya biya 'yan ƙwadago, ƙarshenta ƙasa ta mayar masa da biyu a kan ɗaya.

Duk wanda ya zauna da manoma ya tambaye su damuwarsu, taki da maganin feshi za su fara ambata, kuma suna da hujja, don su ne ke cin kuɗin hannu. Hujjar wannan takarda ita ce taki da feshi suna aiki ne a kan abin da irin ya zo da shi, in ya zo da cuta ba su da yadda za su yi.

2.0 Yadda dankali ya zauna a Filato

Asalin dankalin turawa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya. Turawan mishan da na haƙar kuza ne suka shigo da shi tsaunin Jos, nomansa kuma ya bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnatin mulkin mallaka ta buƙaci abincin sojojinta. Abin da ya sa ya zauna a nan shi ne sanyi. Tsaunin ya haura mita 1,200 daga doron teku, dankali kuwa ya fi yin 'ya'ya idan zafin ƙasa na tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, in ya doshi 30 sai ya tsaya ya yi ta ganye. Shi ya sa a Kano da Zariya sai da hunturu ake iya noma shi, ta hanyar ban-ruwa, alhali a Filato da Mambila ana yin sa damina da rani.

Ana ƙiyasta cewa wajen kashi 90 cikin 100 na dankalin ƙasar nan daga Jihar Filato yake fitowa, musamman ƙananan hukumomin Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Riyom, Pankshin, Bassa da Jos ta Kudu. Masu noman Ron ne da Mwaghavul da Berom da Ngas da Hausawa da sauransu, mata kuma su ne ƙashin bayan aikin, tun daga shuka har tsince. Hausa ce harshen ciniki a kasuwar Maikatako da ta Mangu da Farin Gada, da ita kuma malamin gona ke isar da saƙo ga mafi yawan manoma. Daga waɗannan kasuwanni motoci ke lodi zuwa Yankaba a Kano da Mile 12 a Legas, wasu har su tsallaka iyaka.

Akwai wani gado da haƙar kuza ta bari wanda ya shafi maganarmu kai tsaye. Ramukan da kamfanoni suka haƙa sun zama kududdufai masu riƙe ruwa har rani, kuma da su ake noman rani. Sai shekara ta zama tana da zagaye biyu: a shuka na damina a Afrilu ko Mayu a tone a Yuli ko Agusta, a shuka na rani wajen Nuwamba a tone wajen Fabrairu. Dankalin da aka tona yakan yi barcin wata biyu zuwa uku kafin idanunsa su tsiro, wanda ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin zagayen biyu. Na damina ya zama irin rani, na rani ya zama irin damina. Ta fuskar kuɗi wannan alheri ne. Ta fuskar cuta kuwa, abin da zai ɗauki shekara huɗu kafin ya lalata iri a ƙasar da ake shuka sau ɗaya, a nan shekara biyu ta ishe shi.

3.0 Gajiyar iri

Manomi zai ce maka irinsa ya gaji. Yana nufin dankalin da ya saba cika masa buhu ya koma ba da 'yan ƙanana, ganyen ya naɗe ko ya yi dabbare-dabbare, tushen ya tsugune. Wasu na ɗora laifin a kan ƙasa, wasu a kan tsufan nau'in. Nau'in bai tsufa ba. Nicola da ake nomawa a Filato an fitar da shi a Jamus tun 1973, har yau kuma ana noma shi a Turai yana ba da amfani, domin a can ana sabunta irinsa daga tushe mai tsabta.

Abin da ke faruwa shi ne dankali ba daga ƙwayar fure ake shuka shi ba kamar masara ko dawa. Sashen jikin uwar ake binnewa, duk abin da ke jikinta kuwa yana jikin ɗanta. Cututtukan bairos, musamman wanda ake kira PVY da wanda ke naɗe ganye, darɓa ce ke ɗaukar su daga tushe zuwa tushe da bakinta. Tushen da ya kamu bana zai sauke cutar cikin 'ya'yansa, su kuma su tsiro baɗi da ita tun daga rana ta farko, su zama rijiyar da darɓa za ta ɗiba ta kai wa na kusa. Babu maganin feshin da ke warkar da tushen da bairos ya shiga. Ko kashe darɓar ba ya hana PVY yaɗuwa sosai, don cikin 'yan daƙiƙu take dasa shi, kafin maganin ya kama ta.

Yanzu a duba yadda ake ware iri. An tone gona, an tara dankali wuri ɗaya a gindin bishiya. Mata sun zauna suna tsincewa: manya a buhun kasuwa, matsakaita a wani buhun, ƙanana masu kamar ƙwan zabo a ture su gefe, su ne iri. A ido wannan tattali ne, don ƙaramin ba ya kuɗi, kuma buhu ɗaya nasa ya fi rufe fili. Amma wane tushe ne ya fi haifar ƙanana? Marar lafiya. Lafiyayyen tushe ya ba da manya, an loda su a mota sun tafi Legas an soya. Marar lafiyan ya ba da ƙanana, an adana su an mayar gona. Ashe duk zagaye manomi na tace gonarsa ne, yana sayar da lafiya yana riƙe cuta, ba tare da ya sani ba. Wanda ya je kasuwa sayen iri ma bai tsira ba, ragowar tsincen wani ya saya, kuma babu mai iya duban dankali a buhu ya gane uwar da ta haife shi.

Ta wannan hanya ce cutar yaushi take tafiya, wadda ƙwayar bakteriya mai suna Ralstonia solanacearum ke haddasawa, ita kuwa ta fi bairos muni ta wani fannin, domin idan ta shiga gona takan zauna cikin ƙasa. Manomin ranin da ya taho daga Kano ko Kaduna ya sayi iri a Filato yana iya tafiya da ita gida cikin buhu.

4.0 Me ya sa tsabtataccen iri bai isa kowa ba

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a samar da ingantaccen iri mai shaidar hukuma. Hanyar sananniya ce. Ana raino tsiro marar cuta a cikin kwalba a ɗakin gwaji, a fitar da shi rumfar raga wadda darɓa ba ta shiga, ya haifi 'yan ƙananan dankali, sannan a riɓanya su a fili zagaye biyu ko uku ƙarƙashin sa-idon masu duba iri. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike tana da reshen dankali a Kuru kusa da Jos, Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ke da alhakin ba da shaida, Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a shirin bunƙasa dankali na Jihar Filato, hukumar GIZ ta Jamus ma ta yi aiki da manoma a jihar. A 2023 an ƙaddamar da tsarin ƙasa na bunƙasa dankali na 2023 zuwa 2028, a shekarar kuma aka saki sababbin nau'o'i huɗu da suka fito daga Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima: Unica, Juriya, Babban da Kyau. Duk wannan ci gaba ne, ba na raina shi.

Sai dai lissafi ba ya jin kunyar kowa. Hekta ɗaya na cin iri kusan tan 2. Hekta 300,000 na buƙatar tan 600,000 ke nan. A ce ma kashi 10 cikin 100 na filin kawai za a sabunta wa iri kowace shekara, ana neman tan 60,000, wanda in gonar iri na ba da tan 15 a hekta, sai an keɓe hekta 4,000 na ƙasa mai tsabta, a kuma sami masu duba ta. Ga shi dankali ba ya saurin riɓanya: ƙwayar masara ɗaya na ba da ɗaruruwa, dankali ɗaya kuwa in ya ba da goma ya yi ƙoƙari. Ga nauyi, ga ruɓewa a hanya. Manomin masara na iya ɗauko irin hekta guda a bayan babur. Na dankali sai ya ɗauki hayar mota.

Shigo da iri daga Turai, kamar yadda manoman Bonkuku a Jamhuriyar Nijar suka saba dogaro da shi, yana ba da amfani mai kyau, amma da kuɗin waje ake sayen sa, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 ya ƙara yin nisa da ƙaramin manomi. Saboda haka, a shekarun da ke tafe, mafi yawan abin da za a binne a Bokkos da Mangu daga gonar manomi zai fito. Tambayar da ta dace ita ce yaya za a gyara wannan irin na hannu, kuma yaya ɗan tsabtataccen da aka samu zai daɗe bai lalace ba.

5.0 Zaɓen iri tun yana gona

Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Maimakon a zaɓi iri a kan tari bayan girbi, sai a zaɓi uwa tun tana tsaye. Wajen mako shida zuwa takwas da shuka, dab da fitar fure, lokacin da alamar cuta ta fi bayyana, manomi ya ɗauki damin tsinke ya bi kunya-kunya da safe. Tushen da ya gani da kauri, rassa da yawa, ganye shimfiɗe kore shar, babu naɗewa, babu dabbare, babu yaushi, kuma maƙwabtansa ma lafiya, sai ya kafa masa tsinke. Bayan mako biyu ya sake zagayawa, duk wanda ya canza ya zare tsinkensa. Ranar tono a fara da masu tsinke, kowanne a tone shi shi kaɗai a duba abin da ya haifa. Wanda ya ba da kaɗan, ko masu tsagewa, ko masu ƙasa manne a ido, a mayar da shi buhun ci. Daga sauran a ɗebi masu girman ƙwan kaza, su ne iri.

Cibiyar Dankali ta Duniya ta gwada wannan da ƙungiyoyin manoma a Kenya, inda kowace ƙungiya ta raba gona biyu, gefe ɗaya irin da aka zaɓa da tsinke, ɗaya gefen irin da aka ware yadda aka saba. Sakamakon da Gildemacher da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya nuna ƙarin amfani na wajen kashi 30 cikin 100, ba tare da an ƙara taki ko magani ba. Yanayin tsaunukan Kenya da yadda manomansu ke juya iri sun yi kama da na Filato ƙwarai, don haka babu dalilin da zai hana a sa rai da irin wannan a nan.

Kada dai a ɗauka aiki ne mai sauƙi. Mai rubu'in hekta na buƙatar iri kusan 8,300. In kowane zaɓaɓɓen tushe ya ba shi shida masu girman iri, sai ya kafa tsinke wajen 1,400. Aikin kwanaki ne, kuma yana faɗowa daidai lokacin da masara ke neman maimai. Sannan akwai abin da ya fi aikin ciwo: zai ga dankali mai kyau wanda dillali zai saya nan take, ya hana kansa. Haka kuma dabarar na da iyaka. Tushen da ya kamu a makare ba ya nuna alama, gonar da cuta ta riga ta mamaye kuwa babu abin zaɓa a cikinta.

A nan ne fegin iri ke shigowa. Manomin da ba zai iya sayen tsabtataccen irin da zai rufe gonarsa ba yana iya sayen buhu ɗaya, shi kaɗai ko su haɗa kuɗi a ƙungiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa wannan buhu cikin babbar gona, a girbe shi tare da saura, a sayar. Abin da ya kamata shi ne a keɓe masa fegi a wurin da aka daɗe ba a noma dankali ko tumatir ba, can sama da inda ruwan wata gona ke gangarowa, a matse tazarar shuka don 'ya'yan su fito da yawa masu girman iri, a riƙa tuge duk tushen da ya nuna alama a fitar da shi daga gonar. Abin da fegin ya bayar shi za a shuka a babbar gona, a kuma zaɓi na fegin gaba daga cikinsa da tsinke. Ta haka buhu ɗaya zai yi wa gida hidimar zagaye da dama. Dasa yankan kan tsiro mai saiwa, dabarar da ta yi ƙarfi a Biyetnam kuma aka yaɗa ta a Kenya, ita ma a irin wannan fegi take da amfani, don tana rage zagayen da iri ke yi a fili kafin ya iso hannun manomi.

5.1 Ajiyar iri

Irin da aka sha wahalar zaɓa sau da yawa a ɗaki yake mutuwa. An ɗure shi a buhu an jingine a lungu mai duhu, ya fitar da dogayen tsiro farare masu karyewa da an taɓa, ya yamutse, ruɓaɓɓe ɗaya ya shafa wa goma. Rumbun haske shi ne maganin wannan, kuma da kayan ƙauye ake yin sa: rufin ciyawa ko kwano mai rufin ciki, bango na tsagin katako ko raga yadda iska da haske za su ratsa ba tare da rana ta bugi dankalin ba, sai kantoci hawa-hawa da za a shimfiɗa irin, kada ya wuce biyu ko uku a kan juna. Haske na sa tsiron ya fito gajere, kakkaura, mai launi, fatar ta yi kore ta yi tauri. Korewar nan aibi ce ga na ci, don tana tafe da guba mai ɗaci, amma ga iri kariya ce. Busasshen ganyen bishiyar turare, wadda ke ko'ina a tsaunin, yana taimakawa wajen korar asun dankali da tsutsarsa ke huda shi.

6.0 Ƙunar ganye da yaushi

Cutar da ta fi tsorata manomin Filato ita ce ƙunar ganye, wadda Phytophthora infestans ke kawowa. Ita ce ta jefa Ayalan cikin yunwar da ta fara a 1845, wadda ta ci rayuka wajen miliyan 1, lokacin da talakawan ƙasar suka dogara kusan kacokan a kan nau'i ɗaya. A Filato ta yi ɓarna mai yawa a 2014, ta sake yin wadda ta fi ta a 2022. Tana son sanyi da laima, marka kuwa ta Yuli da Agusta ta tara mata duka biyun. Takan fara da tabo mai duhu kamar an zuba ruwan zafi a gefen ganye. In ka juya bayansa da sassafe za ka ga farin fumfuna a bakin tabon. Cikin mako ɗaya ko biyu gona ta yi baƙi, tana wari.

Yawancin feshin da ake yi bayan an ga wannan ake yin sa, lokacin kuwa an makara. Magunguna irin su mancozeb rigakafi ne, suna zama a bayan ganye su hana cutar shiga, ruwan sama na wanke su, don haka a lokacin marka sai an maimaita kusan kowane mako, a kuma tabbata feshin ya taɓa ƙarƙashin ganye. Masu ratsa jikin shuka, irin masu ɗauke da metalaxyl, sun fi ƙarfi, amma yawan amfani da su na sa cutar ta saba, kamar yadda aka gani a Ayalan da Holan tun wajen 1980. Daidai ne a yi su sau biyu ko uku a zagaye ana musanyawa da na rigakafi. Rage awo don kwalba ta kai, da jabun magani da ke yawo a kasuwanni, duk suna ƙara wa cutar ƙarfin hali.

Ko a nan ma maganar ta koma kan iri. Galibi cutar ba ta iya daɗewa sai a jikin shuka mai rai, to ina take fakewa tsakanin damina da damina? A cikin dankalin da aka ajiye, da ruɓaɓɓen da aka zubar a bakin gona, da gyauron da ya tsiro a tsohuwar gona, da lambun rani na dankali da tumatir. Tuge gyauro da binne tarin ruɓaɓɓe ba sa cin ko sisi. Shuka da wuri na sa dankali ya ƙosa kafin marka ta yi ƙarfi. Huɗa mai tudu na hana ruwa wanko cutar daga ganye zuwa 'ya'ya, yanke ganyen kwana 10 zuwa 14 kafin tono kuma na sa fata ta yi ƙwari. Nau'in da ke da juriya na rage yawan feshi. Cibiyar Umudike ta kuma yi gwajin killace a Kuru da wasu wurare na dankalin da aka sa wa ƙwayoyin gado daga danginsa na daji don ya jure wannan cuta. Ko wane hukunci jama'a da hukuma suka yanke a kansa, shi ma in ya shiga zagayen tsince-ƙanana zai gaji kamar na gabansa.

Yaushi kuwa ba ta da maganin feshi ko kaɗan. Tushe ya yi laushi da rana tsaka ko da ƙasa na da danshi. Mai shakka ya yanki karan ya tsoma bakin yankan a kofin gilas mai ruwa garau, ya jira 'yan mintoci: in ita ce zai ga farin zare kamar madara yana sauka. A tuge tushen har da ƙasar gindinsa a fitar. Sai juya shuka, shekara uku ko fiye, da masara ko acca ko wake. Tumatir da attarugu da tattasai da gauta dangin dankali ne, shuka su a gurbinsa ba juyi ba ne. Na san mai ɗan fili zai ce shekara uku a ci me, kuma tambayarsa na kan hanya. Ko ba za a iya juya dukan gona ba, fegin iri dai kada a yi masa sassauci.

7.0 Taki da ƙasa

Ƙasar tsaunin tana da tsami a wurare da yawa, dankali kuwa na kwashe fotash fiye da yadda yake kwashe naitirojin. Manomin da ya ga ganye ya yi fari sai ya ƙara yuriya, ya sami dogon ganye mai laushi da ƙuna ke so, 'ya'ya kuma su yi jinkiri. Ya fi kyau a sa NPK lokacin shuka, a ƙara kaɗan lokacin huɗa, a tallafa da kashin kaji ko na shanu wanda ya ruɓe. Masu lambun Jos sun daɗe suna zuba tokar bola don kashe tsamin ƙasa, binciken da masana daga Jami'ar Durham suka yi a yankin ya kuma nuna tana yin hakan, sai dai bolar gari na iya zuwa da gubar ƙarfe.

8.0 Kasuwa da zaman lafiya

Kowa na tonewa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi a Yuli da Agusta, ya tashi bayan 'yan watanni lokacin da kayan ya bar hannun manomi. Wanda ya ci bashin taki ba ya iya jira. Irin wannan matsi ne ke sa a sayar har da abin da aka kafa wa tsinke. Ƙungiyar da ke da rumbu ɗaya da ɗan asusun rance na iya riƙe wa mambobinta irinsu har lokacin shuka.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a tsallake rashin tsaro ba. Hare-haren da aka kai Mangu a 2023, da na jajibirin Kirsimeti na shekarar a Bokkos da Barikin Ladi, sun faɗa tsakiyar ƙasar dankali. Bayan rayukan da aka rasa, iyalin da suka gudu sun bar irinsu, in sun dawo kuma sai abin da kasuwa ta ba su. Duk tallafin da za a kai wa irin waɗannan ƙauyuka, in akwai irin dankali a ciki, wajibi ne a san gonar da ya fito, don rabon irin da ba a tantance ba na iya shuka yaushi a ƙasar da ba ta da ita.

9.0 Abin da ya rage ga hukuma da masu bincike

Shirye-shiryen gwamnati sun fi son abin da za a yanke wa kyalle: gini, injin, tarin buhuna. Zaɓen iri da tsinke ba shi da hoton da za a sa a jarida, wataƙila shi ya sa ba ya samun kaso. Abin da yake buƙata malamin gona ne mai babur da mai a tanki, da gonar gwaji a raba ta biyu a gefen hanyar kasuwa inda kowa zai gani, da horar da matan da ke tsince, tunda a hannunsu hukuncin iri yake. Tsakanin Kuru da ƙauye kuma ana buƙatar manoma masu riɓanya iri, 'yan ƙalilan a kowace gunduma, waɗanda za a duba gonarsu sau biyu a zagaye a ba su shaida mai sauƙin samu, yadda mai saye zai san gonar da buhunsa ya fito.

Ga masu bincike, aikin da ya fi gaggawa shi ne a auna saurin gajiyar iri a tsaunin kansa: a ɗauki nau'in Marabel da na Nicola da sababbin nau'o'in nan huɗu, a bi su zagaye shida a jere, damina da rani, a gonakin manoma, a ga a zagaye na nawa sayen sabon iri ya fi riƙe tsoho riba. Da wannan ne malamin gona zai iya ce wa manomi ya sabunta bayan zagaye kaza, da hujja. A haɗa da ƙidayar darɓa wata-wata a wurare masu tsayi daban-daban, don a gane inda ya fi dacewa da gonakin iri.

Sai maganar lokaci. Ba a koyar da zaɓen uwa a ɗakin taro, sai a cikin gona mai fure, tagar kuwa mako biyu ce zuwa uku, wajen Yuni ga na damina, ƙarshen Disamba zuwa Janairu ga na rani. Kuɗin horon da aka saki a Agusta ya tarar an tone an tsince, saboda haka a kasafin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta jihar ya kamata kuɗin wannan aiki ya fita tun Afrilu da Oktoba.